Jawabin Baƙon Amirka a Mashigar Gaya

Ku da kuka yi lakol, makarantar Nasara, kuna ganin tafintanci ba sana'a ba ce. Wani cikinku ya taɓa ce mini, "Baba, ai maimaitawa ce kawai. A faɗa da Faransanci, ka mayar da Hausa." Na yi dariya na ƙyale shi. Shekara ashirin da wani abu na yi ina tsaye tsakanin teburin kumandan da tabarmar talakawa a nan Gaya, kuma ina gaya muku babu abin da ya kai maimaitawa haɗari a wannan aiki. Sau ɗaya na yi ta tsakani da Allah, kalma bayan kalma, mutum biyar suka yi sati da wani abu a kaso saboda ita.

Wurin Baba Gado na koyi aikin. Tsohon soja ne, a bariki ya tsinci Faransancinsa, kuma Faransancin nan duk a karye yake. Ni da na fito lakol ina jin kurakuransa, ina cewa a raina wata uku sun ishe ni in karɓe kujerarsa. Shekara uku na yi a bayansa bai bar ni na buɗe baki ba. Abin da ya fara koya mini tsayuwa ce. Rabin taki bayan kafaɗar hagu ta kumandan, kada inuwarka ta faɗa kan takardarsa, kada ka kalli idon mai ƙara, kada ka kalli idon Nasara. Ka kalli ƙasan da ke tsakaninsu. Kayan aikin ba su da yawa: farar riga mai tsabta, ƙaramin kaye da kiriyo, wato littafi da fensir, na rubuta sunayen ƙauyuka, goro ɗaya a aljihu don maƙogwaro. Sauran kunne ne da ƙafa, don wata shari'ar tun hantsi ake fara ta sai la'asar, kuma tafinta ba ya zama. Ga shi Gaya ba garin harshe ɗaya ba ne. Mai kifi zai zo maka da Dandanci, fatake da Hausa, mutumin arewa da Zabarmanci, mai shanu da Fulatanci, kowa kuma yana so a ji shi yadda uwarsa ta koya masa.

Shari'ar da aka fara ba ni ta wani Bafulatani ce da shanunsa suka shiga gonar shinkafa a bakin kogi. Kumandan ya yanke masa tara, ya kuma yi masa dogon bayani kan yadda ake kiwo. Bafulatanin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan mai jan kunnen ko bijimi aka ba shi ya tatsa zai kawo ƙwarya." Na buɗe baki na fara zubawa da Faransancina mai kyau. Baba Gado ya take mini ƙafa da takalminsa na soja, ya karɓe maganar, ya ce, "Ya ce bai taɓa ganin Nasaran da ya san shanu kamar kumandan ba." Kumandan ya ji daɗi har ya rage tarar. Da muka fito Baba Gado ya ce mini, "Yaro, magana daga wuta ake sauko da ita. Aikinmu mu fifita ta kafin mu miƙa. Wanda ya miƙa da zafinta, hannunsa ne ke fara ƙonewa."

Bayan babban yaƙin Nasara takarda ta zo daga Yamai cewa an hana aikin dole. Lokacin idon Baba Gado ya mutu, ya koma gida, ni ne tafinta. Ni na karanta takardar a kasuwa, mata suka yi guɗa. Sati bai zagayo ba kumandan ya buƙaci mutanen gyaran hanya. Ya ce waɗannan ba ƴan aikin dole ba ne, sunansu bolonte, wato mutanen da suka zo da son ransu. Ƴan gardi, dogaransa masu jar hula, su ne dai suka je ƙauyuka suka kawo su, kuma igiyar ita ce dai ta bara. Na je na tambayi Baba Gado yadda zan ce bolonte da Hausa. Ya ce, "Ka ce masu sa kai. Ba ka yi ƙarya ba. Kan nasu ne, gardi ne ke sa shi."

Shekarar da nake so in ba ku labari, ruwa ya ɗauke da wuri. Ɗan geron da ya nuna bai taka kara ya karya ba, ga tsuntsaye na tasowa daga ciyawar kogi kamar hayaƙi suna sauka a gonaki. Kowane gida, daga tsoho har jika, suna gona suna kora suna yanka. A cikin wannan hali tangaraho ya iso: wani babban baƙo daga ƙasar Amirka ya taso daga bakin teku ta Dahome, zai ƙetare ta Gaya ya wuce Yamai. Aka ce ƙasarsa ce ta ɗaga Faransa daga ƙasa lokacin yaƙi, kuma yanzu ita ke jan ragamar duniya. Kumandan na lokacin, wanda gari ke kira Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa, ya ce hanyar da ta taso daga mashigar kogi ta nufi Doso abin kunya ce. A cike ramuka, a jera duwatsu gefe da gefe, a shafe su da farar ƙasa. Aka tura ƴan gardi ƙauyukan Bengu da Zabori su kawo masu sa kai.

Cikin waɗanda aka kawo daga Bengu akwai wani manomi Namata. Dattijo ne wajen shekara hamsin, mai gida babba, mara yawan magana. Shi ne mutanen unguwarsa ke saurara, don haka gardi ya sa shi gaban mutum kamar arba'in. Ba a taɓa kawo ƙararsa biro, ofishin kumandan, ba, shi ma bai taɓa kawo ta wani ba. Kwana goma sha biyu suna ɗaukar tsakuwa a kwando, geronsu na can yana ciyar da tsuntsaye.

Ranar saukar baƙo aka sa su suka yi wanka a kogi, aka ɓoye diga da kwanduna bayan itatuwan mangwaro, aka jera su a matsayin jama'ar da ta fito tarba. Ƴan lakol na riƙe da tutocin takarda, sorkawa masunta sun jera kwale-kwalensu. Kafin bak ya iso, wato jirgin ƙarfen da ke ƙetarar da motoci daga Malanbil ta gaɓar Dahome, Mai Lofe ya ja ni gefe ya ce, "Yau ban da dabarunka. Mutumin nan babba ne, kuma yana da kunne. Abin da ya faɗa shi za ka faɗa, kalma bayan kalma." Na ce, "To, mon kumandan."

Baƙon dogo ne, fuska jawur saboda rana, ga fara'a. Yana sauka ya bi layi yana ba kowa hannu, har Namata, abin da ba mu taɓa gani wurin Nasara ba. Wasu suka riƙa duba tafinsu bayan ya wuce. Sannan ya hau wani akwati ya fara magana da Faransancin da ke fita ta hanci, amma ana ganewa. Ya ce ƙasarsa ba ta shiga yaƙi don ta mallaki kowa ba. Ya ce samarinsu sun mutu a ƙasashen da ba nasu ba don kada a sake tilasta wa ɗan Adam aiki, don kowace al'umma ta zaɓi wanda zai mulke ta, don baƙi da fari su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ya ɗaga yatsa ya ce duk inda aka danne mutum a faɗin duniya, ƙasarsa ba za ta yi shiru ba.

Na mayar da shi Hausa, na sake mayar da shi Dandanci. Ban rage ba, ban ƙara ba. Maganar Allah, ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba, don jawabin yana da daɗin ɗauka. Mai Lofe ne ya fara tafi. Na ga Namata ya dubi kumandan yana tafi, ya dubi baƙon, ya gyaɗa kai a hankali.

Da azahar aka shirya abinci a kampama, masaukin Nasara. Baƙon ya zo da shofer ɗinsa, wato direba, tun daga ƙasarsu, wani baƙin mutum ƙato, wanda in ya yi shiru sai ka rantse ɗan Tanda ne, ƙauyen nan kusa da mu. Kuku ya tambaya ko a sa masa kujera a tebur, tun da shi ma ɗan Amirka ne. Baƙon ya yi murmushi ya ce shofer zai fi sakewa a waje. Sai aka haɗa mu ni da shi gindin tsamiya da kwanon shinkafa da kifi. Ya yi yaƙi a Faransa, yana jin Faransanci daidai gwargwado. Ya tambaye ni, "Me ka gaya wa mutanen nan ɗazu? Na ga sun yi tsit."

Na ce, "Abin da maigidanka ya faɗa."

"Duka?"

"Duka."

Ya yi dariya har ƙayar kifi ta nemi maƙale masa. Da ya sha ruwa ya ce, "Ɗan'uwa, a garinmu ni da shi ba ma shan ruwa a famfo ɗaya. Ubana ya je jefa ƙuri'a sau ɗaya, da dare ya yi sai da muka bar garin."

Na ce, "To me ya sa yake faɗa?"

Ya ce, "Kayan fitarwa waje ne. A gida ba a amfani da shi. Wannan ne karo na goma sha ɗaya da na ji jawabin tun daga bakin teku, amma ban ga wurin da aka yi shiru irin naku ba. Ina jin sauran tafintocin sun fi ka wayo."

Washegari da hantsi, bayan baƙo ya wuce, gardi ya busa usur a koma aiki, don baƙon zai dawo ta nan bayan kwana goma kuma hanya ba ta ƙare ba. Namata ya zo da mutanensa, suka jera diga da kwanduna a gaban gardi, ya ce a duba a gani babu wanda ya ɓata. Sannan ya ce, "Mun tafi yankan gero." Gardi ya ce da izinin wa. Namata ya ce, "Babban Nasara ya faɗa, tafinta ya faɗa, kumandan ya tafa." Suka kama hanyar Bengu da rana tsaka, ba gudu ba ɓuya.

Kwana biyu suka samu a gona. A na uku ƴan gardi suka dawo da su a igiya. Talatin da wani abu aka mayar kan hanya, Namata da dattawa huɗu aka sa su kaso. Ni na fassara musu laifinsu: tayar da fitina da zuga jama'a. Irin wannan laifin ba a Gaya ake zamansa ba, arewa mai nisa ake kai mutum, kuma ba kowa ke dawowa ba. Mai Lofe ya tambayi Namata ko yana da abin cewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban san wasa ake yi ba. Na ga manya ne." Wannan kam na fifita ta. Na ce ya ce yana neman afuwa.

Ranar da baƙon ya dawo, motarsa na jiran bak a mashiga sai wata tsohuwa ta ratsa ƴan gardi ta riƙe ƙofar motar da hannu biyu. Inna Hajo ce, yayar Namata, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Gaya. Gardi ya ɗaga bulala, baƙon ya hana, ya yafito ni. Ta ce, "Ɗana, gaya masa yadda zan faɗa." Ta juya ga baƙon ta ce, "Kai ne ka ce in an danne mutum ba za ka yi shiru ba. Ƙanena ya ji maganarka ya yarda, ga shi can a kaso. Waɗannan fararen duwatsun da ka bi ta tsakaninsu, da igiya aka kawo waɗanda suka jera su. Geronmu ya ƙare a bakin tsuntsu. Ba nesa ba ne, daga nan ana hango rufin kason. To ga ka, ga kumandan. Yi magana."

Ina iya cewa tsohuwa na yi masa fatan sauka lafiya. Baba Gado da haka zai yi. Amma ta ce mini yadda zan faɗa, kuma mutumin da ya yi alkawarin yana gabana. Na miƙa masa da zafinta.

Fara'arsa ba ta gushe ba. Ya ce ya ji, kuma abin ya taɓa zuciyarsa ƙwarai. Sai dai wannan lamari ne na cikin gida na abokansu Faransawa, kuma ƙasarsa ƙasa ce mai girmama ƙawayenta, ba ta tsoma baki a harkar da ba tata ba. Daga nan ya juya ga Mai Lofe ya yabi hanyar, ya ce tun daga bakin teku bai ga inda jama'a suka nuna son ci gaba irin na Gaya ba. Ya sa hannu cikin mota ya ɗauko gwangwanin madara ya miƙa wa Inna Hajo. Shofer na zaune yana kallon sitiyari kamar yau ya fara ganinsa.

Inna Hajo ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Inna, ya ce ba ruwansa."

"Duk doguwar maganar nan?"

"Sauran yabon hanya ne."

Ta ajiye gwangwanin a kan hancin motar ta juya.

Tafinta yana jin har abin da ba a ba shi ya fassara ba. Da za su hau bak na ji baƙon ya rage murya ya ce wa Mai Lofe, shi ba ya shiga aikin kowa, amma zai so kada labarin nan ya kai jarida da sunansa a ciki. Akwai wata babbar ƙasa mai jar tuta da suke takara da ita, kuma mutanenta irin wannan labarin suke nema su yaɗa a duniya.

Da la'asar Mai Lofe ya kira ni biro ya rufe ƙofa. Ya ce ya yi tunani, ya gano inda matsalar take. Ba zai yiwu baƙo ya yi kuskure ba. Ba zai yiwu Faransa ta yi aikin dole ba, tun da ta hana shi da kanta. Namata kuwa baƙauye ne, abin da ya ji ya bi. Saura mutum ɗaya. Ya nuna ni da lofe. Ya ce, "Kai ne ka fassara ba daidai ba. In ka amsa haka gaban jama'a, mutanen nan an yaudare su ne, sai in sake su. In kuma ka ce daidai ka fassara, to sun ji daidai sun yi tawaye, jibi kamiyo, babbar motar kaya, zai wuce arewa da su."

Na ce, "Mon kumandan, kai ka ce kalma bayan kalma."

Ya ce, "Wa ya ji na faɗa?"

Na biya gidan Baba Gado na same shi a zaure yana jan carbi. Na kwashe duka na gaya masa. Ya ce, "Su nawa ne?" Na ce biyar. Ya ce, "Kai kuma sunanka nawa ne?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To me ka zo tambaya? Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska."

Ranar kasuwa aka buga ganga, Mai Lofe ya hau bayan kamiyo, ni ina gefensa, rabin taki a baya. Babu wani tafinta a Gaya sai ni, don haka ni zan fassara. Ya ce da Faransanci wannan mutumin da ke tsaye kusa da shi jaki ne, an yi asarar kujerar lakol a kansa. Na gyara murya na ce, "Jama'a, kumandan ya ce ni jaki ne, an yi asarar kujerar lakol a kaina." Kasuwa ta fashe da dariya. Na jira ta lafa na sake faɗa da Dandanci, ɗaya gefen ya fashe. Na ƙara da Zabarmanci don kada baƙi su koma gida ba su samu rabonsu ba. Sannan ya bayyana abin da baƙon ya faɗa na ainihi, wanda jahilcina ya juya: cewa manyan ƙasashe suna son talaka ya samu ƴanci, kuma ƴanci ta hanya mai kyau yake zuwa, don haka duk mai son sa ya fito gyaran hanya. Na fassara wannan ma. Ya tambaye ni gaban kowa ko na amsa kuskurena. Na ce na amsa, cikin harshe huɗu. Kafin a watse aka buɗe kaso.

Aka sauke ni daga biro aka kai ni mashiga, ina tambayar fatake me ke cikin buhu ina gaya wa ɗan duwan, mai karɓar kuɗin fito. Shekara ɗaya da rabi na yi a can, yara na bina suna kukan jaki. Wanda aka kawo a madadina daga Dahome Faransancinsa ya fi na kumandan kyau, amma ko sannu bai sani ba da Dandanci. Da ya raba auren wasu mutane da suka zo rigimar akuya, sai aka tuna da ni.

Bengu kuwa ba ta ga daɗi ba a ranin nan. Rumbuna ba su kai tsakiyar sanyi ba. Gidaje da yawa suka ƙetara Kamba, ƙasar Ingilishi, wasu ba su dawo ba. Wata safiya ina mashiga sai ga Namata da ƴar tabarma a naɗe da gora, ya rame, zai ƙetara Malanbil neman dako. Mutum mai jikoki. Tun ranar kasuwa ba mu haɗu ba. Na yi kamar ina duba wani buhu, amma ya zo ya tsaya a kaina ya yi sallama. Muka gaisa, na tambayi gida, ya ce da godiya.

Ya ce, "Tafinta, tambaya ɗaya. Ran nan, me mutumin ya faɗa da gaske?"

Na duba hagu da dama, ɗan duwan na nesa. Na ce, "Baba Namata, abin da na gaya muku da farko. Ban ƙara ko gishiri ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka na gaya wa mutanenmu. Sun ce kai ka ƙirƙira. Na ce musu a'a, yaron nan na san gidansu, ɗan talakawa ne. Ina ya ga ƙarya mai kyau haka? Wannan sai manya."

Mai kwale-kwale ya kira, ya ɗauki tabarmarsa ya shiga.